Kalmar da Na Tsinta a Huddersfield

A bango muka fara haɗuwa da ita.
Mai gida ya shafa tabon da ya yi baƙi a bayan gadona,
ya ce damfin, ko wani abu mai kama da haka,
ya ce in riƙa buɗe taga.
Na ce to, ashe danshi ne.
Na rubuta a bayan rasit na ajiye.

Wata uku da haka, a wurin aiki,
Mista Ollerton ya miƙo min dunƙulen auduga mai ƙaiƙayi
mu cusa tsakanin ɗaki da ɗaki
kada tarin wannan ya tashi jaririn wancan.
Sai ga kalmar kuma a bakinsa.
Na duba hannuna, a bushe ƙayau.
Ya ƙwanƙwasa bangon da ba mu taɓa ba, ya amsa kamar ƙwarya.
Ya ƙwanƙwasa wanda muka cika, ya yi gum,
kamar wanda aka yi wa tambaya bakinsa cike da gari.

Yarinyar kyamis ma ita ta ba ni tare da ƙwaya.
Ba za ta kashe ciwon haƙorin ba, in ji ta,
za ta dai lulluɓe shi ya kwanta.
Rediyo ya ce ruwan Asabar bai yi wa 'yan kallon ƙwallo haka ba,
wato bai sanyaya musu gwiwa ba.
Bayan rasit ya cika.
Wace irin kalma ce wannan,
mai jiƙa bango, mai toshe kunne, mai rarrashin jijiya?

Ranar da aka bugo daga Funtuwa,
ƙarfe uku saura na dare,
aka ce Yaya Cindo ya riga mu gidan gaskiya,
matashin kai na cusa a baki.
A gida da kukan ya tsallake katanga uku kafin kiran assalatu,
da tabarmi sun fito da kansu.
A nan ni da kaina na zama audugar,
na cika tsakanina da kowa.

Na manta namu bangon ba wanda ya taɓa cika shi.
Da safe na buɗe ƙofa na tarar da Maureen ta ƙasa
da rigar barci da kofin shayi biyu.
Ba ta tambaye ni komai ba.
Muka zauna a matakala har shayin ya huce.

Daga baya Ollerton ya ce akwai saura guda,
ta mutanen da, masu murhun gawayi:
a danne wuta da dare don ta kai safe.
Wannan kam ban nemi rasit ba.
Na ga Inna tana jan toka a kan garwashi da tsinken kara,
na ga Cindo da asuba, tsugune,
yana tona, yana hurawa,
toka duk ta ɓata masa gira.