Matakala Ɗari da Sha Tara

Gidanmu na kan tudu a Valparaíso.
Daga titi zuwa ƙofa, matakala ɗari da sha tara.
Ban taɓa ƙirga su ba
sai da Baltasar ya cika shekara biyar,
ya fara tashi daga ƙasa kamar mai hawa kansa,
hannu a gwiwa, hannu a cinya,
yana dariya, shi a zatonsa wasa ne.

Likita Quilodrán ta ce naman jikinsa ne ke zagwanyewa.
Babu mai kashe cutar, in ji ta,
amma akwai mai riƙe mata ƙafa.
Ta ɗora mini farar ƙwaya a tafi, ba ta kai wake ba.
Firednison. Kullum da safe, bayan ya karya.
Sai ta lissafa harajin da jiki zai biya:
kumatu za su cika,
yunwa za ta zo baƙunta ta ƙi tafiya,
ƙashi zai yi rauni, tsayi zai yi nawa.
A rage gishiri, a rage zaƙi,
a riƙa kawo shi awon jini da duban ido.
Na ƙarshen ta faɗa sau biyu:
kada a yanke ta farat ɗaya.
Jikin da ya saba karɓa daga waje
yakan manta yadda ake yin nasa.

Aikina jan akwatin ƙarfe
mai ɗaukar mutane daga bakin teku zuwa kan tudu.
Duk yini ina hawar da 'ya'yan wasu.
A wata na huɗu nawa ya hau talatin da ƙafarsa,
ya juyo yana haki, ya ce, Baba, ka ƙirga?

'Yan ajinsu suka sa masa suna Farin Wata.
Ya dawo ya yi jifa da takalmi.
Da tsakar dare na kama shi gaban firji,
burodi a baki, hawaye a kan burodin.

Kakarsa Herminia ta ce, kun hura mini jika.
Ba mu ɗauki maganar da nauyi ba.
Makon da Ximena ke aikin asuba a kasuwar kifi,
ita muka bar wa kwalbar.

Daren Alhamis zazzaɓi, sai amai,
sai ya yi laƙwas kamar jiƙaƙƙen tsumma.
Na goya shi. Ɗari da sha tara, a duhu,
karnukan unguwa suna raka mu da haushi,
katin da ke rataye a wuyansa yana dukan kafaɗata.
Ma'aikaciyar jinya ba ta tambaye ni komai ba,
katin ta karanta, ta ruga ta ɗauko allura.
Aka ɗaura ruwa. Na zauna ina ƙirga ɗigo.
Gari na wayewa ya buɗe ido, ya ce yana jin yunwa.
Ban taɓa murna da yunwar nan ba sai ranar.

A baranda Herminia ta kwance bakin hankici.
Ƙwaya huɗu.
Ta ce, fuskarsa nake nema, ta da.
Ximena ta juya wa bango fuska.
Likita ta zauna kusa da tsohuwar,
ta zana ƙoda a bayan takarda,
da ɗan ƙullutu a kanta kamar hula,
ta ce, wannan ne ya yi barci, uwa,
ba a tashinsa da tsawa.

Yanzu akwatin mai gida bakwai a hannunta yake.
Ba ta yarda da kowa, har ni.
Ta daina sa gishiri a miya, tana mita.

Baltasar ya shiga tara.
Bara yana hawa arba'in da biyu,
jiya ya tsaya a ashirin da shida,
ya ce jirgin ruwa yake kallo.
Na tsaya tare da shi muka kalli jirgin
har ya fita daga tashar.
Sannan na durƙusa, na ba shi baya.
Ya yi nauyi.
Saura casa'in da uku.