Kashin Maƙera

Gabas da ƙauyenmu, inda gero ya ƙare,
akwai filin da ya ƙi garma.
Baƙin dutse ne kwance, ninki bisa ninki
kamar fatar wuyan bijimi.
Nan ya murɗe kamar igiyar rama da aka yar,
can ya yi huji-huji kamar saƙar zuma,
amma in ka zura yatsa, kunama ce mai gida.
Kashin Maƙera muka taso muka ji ana ce masa.

Kawu Mantau, da ya tsufa gaban uwar maƙera,
shi ke ba mu labarin, yana goga goro a magogi:
"Tun ƙasar Daura ba ta san sawun mutum ba,
maƙerin aljanu ya kafa maƙerarsa nan.
Ya ce wa yaronsa, yi ta zuga har in dawo.
Ya tafi gaisuwar mutuwa, hira ta yi daɗi.
Yaro bai san gajiya ba, bai san musu ba,
zuga, zuga, zuga,
har ƙasa ta narke ta malalo
kamar kunun da ya fi ƙarfin tukunya.
Kuka bakwai suka ƙone a tsaye.
Ko yau, kara kunnenka da tsakar rana,
za ka ji zugazugi."

Na kara. Dutse ya toye mini kunne.
Kuma na ji.

Bayan shekara goma sha tara na dawo
da 'yar guduma, da gilashi rataye a wuya,
da kai cike da sunaye masu wuyar faɗi.
Na ɓantaro dutsen na kai masa zaure.
Na ce, Kawu, aman wuta ne.
Ƙasa ta tsage, narkakken dutse ya fito daga cikinta.
Hujin nan gurbin iska ne da ta tsere,
murɗin nan, sama ta daskare alhali ƙasa na gudu.
Shekarunsa sun fi ƙwayar geron rumbunka.

Ya ce, "Wuta daga ƙasa?"
Na ce e.
"Ta malalo?"
E.
"Ta huce?"
E, Kawu.
"To an yi asarar kuɗin makaranta."

Ya karɓa, ya jinjina a tafi,
ya ƙwanƙwasa da awartaki, ya saurara.
"Wannan da gaggawa ya sha iska,
shi ya sa ƙwayarsa ta yi laushi haka."
Abin da malaminmu ya ci zango guda yana koya mana.

"Wa ya zuga ta?" in ji shi.
Na ce zafi ne, da nauyin ƙasa bisa ƙasa.
"Yaron ke nan. Suna kuka sauya masa."

Bara muka kai Kawu makwanci.
Ɓantaren yana kan teburina a Katsina,
na manna masa takarda, lamba sha huɗu.
Na san ƙugin nan iska ce ke bin ramuka,
na rubuta haka, an buga, an sa mini hannu.

Amma ran da na je gida na bi ta filin,
awaki na tsallake tsaguna, rana tsaka.
Na duba hagu da dama, ba kowa.
Na tuɓe hula, na durƙusa.

Har yanzu ba wanda ya ce wa yaron ya huta.