Abin da Tela Ya Auna

Ni tela ne a Bukoki, shagona na kallon fili
inda dalbejiya uku ke rabon inuwa da la'asar.
Nan ake petank: ƙwallayen ƙarfe, tsakuwa, gardama.
In an rasa wanda ya fi kusa da ɗan ƙwallon katako
sai a ƙwala kira: Alzuma, kawo mita!
In bar wando rabin ɗinki, in fito.

Ma'azu ya zo yana ɗan shekara tara.
Ba shi da ƙarfe, goruba yake jefawa
can bakin magudana, bayan manya,
harshe a waje, ƙafa biyu cikin zoben da ya zana da yatsa.
Wani direban taksi ya ba shi biyu masu tsatsa,
ɗaya ta fi ɗaya nauyi.
Da su ya gane hannu ma yana da kunne.

Rigarsa ta farko ni na ɗinka,
shuɗiya, kafaɗa talatin da ɗaya.
Gasar yara, Lahadi bayan Lahadi,
daga Yantala har Talaje,
in ya ɗaga hannu sai ka ji ƙau!
na abokin hamayya ya tashi, nasa ya zauna a gurbin.
Suka sa masa Shaho.
Kofi uku ya kai gida.
Uwarsa na ajiye makullai a cikin na tsakiya.

Sha takwas, aka rubuta shi cikin manya.
Na ƙara masa yadi, na saki hammata.
Karon farko ya faɗo kan Tanimun,
tsohon ma'aikacin gidan waya mai ciwon gwiwa,
wanda bai taɓa harbi ba tun da na san shi.
Yakan duƙa, ya dubi ƙasa kamar mai karanta wasiƙa,
ya gangara ƙarfe a hankali,
ya je ya kwanta inda ba a so.
Shaho ya harba, ya harba, ya harbi iska.
Sha uku da babu.
Ba wanda ya yi dariya. Da ma an yi.

Wata bakwai ƙarafansa na ƙarƙashin kekena,
ina taka feda, suna taɓa mini diddige.
Shi yana kabu-kabu tsakanin Wadata da gada,
in ya wuce ta fili sai ya ƙara wuta.

Wani dare bayan isha'i, an ɗauke lantarki,
na ji motsi a tsakuwa, na haska tocila.
Shi ne, a duƙe, yana shafa ƙasa da tafi,
Tanimun na zaune a benci yana ɓare gyaɗa.
Bai ce masa komai ba sai: "Akwai gangare nan. Sake."

Shekara huɗu kafin ya kai wasan ƙarshe.
Sha biyu, sha biyu, rana ta yi ja a kan kogi,
ƙarfe biyu sun sa ɗan katako a tsakiya.
Alƙalin wasa ya auna, aka ce ba a yarda ba.
Alzuma, kawo mita!
Na durƙusa, hannuna na rawa.
Na auna sau biyu, na so in auna na uku.
Ƙwayar gero guda, kuma ba tasa ba.
Mita ba ta san ɗan unguwa ba.
Ya duƙa ya duba da kansa,
ya miƙe, ya kaɗe gwiwa, ya miƙa hannu.
Ran nan na daina ce masa yaro.

Bana yana ashirin da shida.
Ya ci biyu, an ci shi ban ƙirga ba.
Yana harbi in harbi ya kama,
in bai kama ba ya gangara, ya jira.
Jiya ya shigo awon sabuwar riga,
kafaɗa arba'in da bakwai, na rubuta da alli.
Na ce: shuɗiyar nan ta farko fa,
jaka biyu, har yau ina bin ka.
Ya ce: Baba, sake aunawa.