Gaɓa Biyu a Ambulan

Kwana uku dusar ƙanƙara na sauka a Le Locle.
Tagar shagona arewa take duba, da gangan:
hasken arewa ba ya yi wa ƙarfe kwalliya.
Shekara talatin da ɗaya ina kan kujerar nan,
gilashi a ido ɗaya, baƙar ƙura a ƙarƙashin farce.

Aurèle Vuilleumier ya shigo bai kakkaɓe takalmi ba,
ya ajiye agogo kan ƙyalle kamar mai ajiye ƙwai.
"Madam Huguenin, na marigayi babana ne.
A goge shi tas,
ya koma yadda yake ranar da aka saye shi."

Na san agogon tun kafin in san yaron.
Sau uku Fernand yana kawo shi,
sau uku da wannan maganar a bakinsa.

Sarƙar jeri uku ce.
Gaɓoɓin tsakiya sheƙi ne, madubi sak,
ka matso ka ga hancinka a ciki.
Na gefe kuwa sharce ne, layi siriri kan layi,
kamar sawun tsintsiya a ƙasar da aka share da asuba.
Mai sheƙi bakinsa ba ya riƙe magana:
maɓallin riga ya taɓa shi, sai duniya ta ji.
Mai sharce zurfin ciki gare shi,
ya haɗiye karce cikin layukansa ya yi gum,
sai fa wanda ya zo masa ta gicciye.

Na ce, zauna, ɗana.
Guga ba ta cike rami.
Tudun da ke gefensa take ci har su zo daidai.
Duk ƙyallin da ka gani, da ƙarfe aka biya.
Dubi kafaɗar nan.
Da kaifi gare ta, tana raba haske biyu;
yau ta yi sulɓi kamar sabulun da ya kwana a ruwa.
Ni na cinye ta, da hannun nan,
don ubanka ba ya son ganin jiya a hannunsa.

Bai ce komai ba.
Na zare sarƙar daga jikin agogon,
ruwan ɗumi, ɗigon sabulu,
buroshin haƙori irin na jarirai,
gaɓa bayan gaɓa, ina lanƙwasawa ina shiga lungu.
Nan ɓarnar take, ba a fuska ba:
gumi da ƙura su haɗu su zama yashi,
su yi ta cin ƙusa a ɓoye har sarƙa ta saki jiki.
Ruwan ya yi baƙi.
Garin katako ya taso sama,
na injin yankan itacen da Fernand ya tsufa a ciki.
"Kada ki zubar," in ji yaron.
Sai kunya ta kama shi, ya yi dariya.
Na zubar.

Akwai karce ɗaya a maƙulli, mai zurfi, ta gicciye.
Ya tambaye ni a ina aka samo shi.
Da na so, da na ƙaga masa labari.
Na ce ban sani ba, wataƙila ƙofar mota ce kawai.
Ya daɗe yana shafa wurin da babban yatsa.
"Bar injin ya huta," ya ce.

Da ya ɗaura, agogon ya zamo har bayan hannu.
Na cire gaɓa biyu,
na sa a ambulan, na rubuta sunansa.
Ka adana, na ce, hannu na kauri da shekaru.

Ya fita ya bar min ruwan takalminsa a daɓe.
Na goge, na kunna injin.
Akwai na wani mai banki daga Zurich yana jira,
shi madubi yake so, kafin Juma'a.