Tozo da Maciji

A ɗakin kwamfuta na Tartu, hawa na uku,
ƙanƙara na lasar gilashin taga.
An haɗa Triinu da Madis aiki guda,
atisaye na bakwai: tarbar kuskure.
Buɗe fayil; in babu shi, ka faɗa.
Raba lamba; in da sifili ne, ka tsaya.

Madis da tozo yake rubuta sunaye,
babban harafi tsakiyar kalma, bayan raƙumi sak.
Triinu jan layi take a ƙasa,
maciji kwance tsakanin kalma da kalma.
Shi tazara huɗu yake bari a gefe,
ita biyu, wai allonta ƙarami ne.

Wannan duk kwalliya ce, in ji su.

Amma shi, in abu ya ɓaci,
sifili yake mayarwa, ya yi gum.
Ita kuwa ihu take jefawa sama,
ta kafa raga tana jiran mai kamawa.
Ƙarfe ɗayan dare suka haɗa rabi da rabi.
Ragarta ta jira ihun da bai zo ba,
sifilinsa ya lallaɓa kamar baƙon kirki,
ya zauna ƙarƙashin lissafinta.
Allo ya yi ja.

Awa biyu suna laluben layi ɗari da tamanin,
ido na tuntuɓe a kowace gaɓa,
domin kowane shafi da irin tafiyarsa.
Shayi ya huce. Bas ɗin ƙarshe ya wuce.
Sai bango ya tsage ƙadangare kan shiga,
nasu kuwa magina biyu ne, kowa da igiyar awonsa.

A gefen takardar aikin, da jan biro,
Malama Helve ta bar musu layi tun Litinin:
ban ce wane ya fi ba, ku dai zaɓi ɗaya.

Suka jefa kwabo.
Tozo ya faɗi. Madis ya yi tsaki, ya goge.
Triinu ta ba da tazara huɗu ba musu.
Kuskure kuwa, suka ce, ba a haɗiye shi:
ya faɗi sunansa, ya faɗi inda ya faru,
da murya ɗaya daga farko har ƙarshe.

Da asuba Madis ya share fayil ɗin da gangan.
Allo ya ce: ban sami fayil ba, layi na sha biyu.
Triinu ta ja hularta ta rufe kunne.
Gobe atisaye na takwas.