Allura Biyu

Shekara arba'in da ɗaya ina ci da allura
a zauren gidanmu, Unguwar Magajiya.
Aska biyu, aska takwas, duk sun bi ta hannuna,
ban taɓa tsoronta ba, ko ta sha jinin yatsana.
Yanzu ga wata a Shika, duk wata uku,
ana tsira mini ita a fatar ciki.
Wannan ba ɗinki take yi ba.
Warwara take yi.

Likita ya zana mini a bayan takardar magani:
"Baba Jumare, dajin nan na ƙarƙashin mafitsara
ruwan mazakuta yake sha ya girma.
Za mu rufe masa rijiya."
Na ce a rufe.
Ban lura rijiyar a tsakar gidana take ba,
ni ma a nan nake jefa guga.
Wataƙila ya faɗa. Hankalina yana kan kuɗin.

Ni da na sa mahaifina a kabari idona ƙamas,
har ana cewa zuciyar Jumare dutsen Kufena ce,
shekaranjiya a Ƙofar Doka
ɗan akuya ya ɓace wa uwarsa tsakanin 'yan acaɓa,
yana kira, yana kira,
sai ga ni ina share fuska da hannun riga.
Mai rake ya ce, "Baba, wa ya rasu?"
Na ce hayaƙin mota ne.

Tsakar dare zafi kan taso daga ƙirji
kamar an buɗe tukunyar dambu a fuskata.
Matashi ya jiƙe, na tashi zaune.
Tabawa ta laluba, ta miƙo mafici,
ba ta ce uffan ba.
Ita ta riga ni bin wannan hanya,
shekarun da al'adarta ta ɗauke,
ni kuwa na ce mata raki ne.
Maficin nan nata ne.
Na san ta tuna.

Abin da ke tsakanin miji da mata in an kashe fitila
ya yi sallama ba faɗa, ba ban kwana.
Na ce mata, "Ki yi haƙuri."
Ta ce, "Matsa, ka danne mini zane."
Na yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya.

Jiya na daka wa jikana tsawa,
Sule, ɗan shekara biyar,
don ya taɓa zaren naira ɗari.
Fushin ya zo ba sallama, ya tafi ba sallama,
ya bar ni da yaro tsaye, leɓensa na rawa.
A la'asar raka'a ta ɓace mini.
Uku na yi, ko huɗu?

Abokai a gindin rimi sun ce na yi ƙiba,
hutu ya karɓe ni.
Na ce alhamdulillahi.
Me zan ce? Taguwa tana cizon ƙirjina?
Sai a layin asibiti wani tsohon soja daga Basawa,
kafaɗa kamar ƙofar gari,
ya sunkuyo, yana kallon takalminsa:
"Malam, kai ma kana yi?"
Ban tambaye shi me ba.
Na ce, "Har a kasuwa."
Muka zauna shiru, aka kira lambarsa.

Sun ce awon jini ya sauka, abin yana jin yunwa.
Na gode Allah, da gaske nake.
Sai dai wanda ya shiga motar Shika bara
ban ga ya dawo duka ba.

Yau da hantsi na ɗauki rigar Alhaji Yero,
saura linzami, sati uku ke nan.
Kafar allura ta yi ta iyo a idona.
Sule ya leƙo daga bayan ƙyaure.
Na miƙa masa zaren.
Ya lasa bakin yadda ya ga ina yi,
ya zura, ya kuskure,
ya sake lasa.