Ƙamus a Ƙofar Firij

A Hull, hawa na uku, ɗaki mai taga ɗaya,
inda rana ke sallama tun ba a idar da la'asar ba,
akwai takarda manne a ƙofar firij,
tawa da Hansatu, 'yar Funtuwa,
mai dariya kamar an yi ɓarin kwanuka.

Ita ta fara, ranar da na dawo daga aikin dare
na cinye rabin burodi a tsaye, ko takalmi ban cire ba.
Ta ce, wannan naki ba yunwa ba ce,
yunwa tana da kunya, tana jira a zauna.
Ta ciji murfin biro, ta rubuta: kewaci.
Ci don kewa, ciki ɗan rakiya ne kawai.

Shi ke nan, ƙamus ya buɗe baki.

Ɗumamakoki: tuwon jiya da kika ɗumama
ranar da aka yi rashi a gida, ke kina nan,
kuɗin jirgi ya fi albashinki tsawo.
Da hannu ake cinsa. Cokali ba ya zuwa ta'aziyya.

Santinkurma: kin kai loma, daɗi ya kwashe ki,
kin juya kin saki zancen wauta,
ba mai ji sai bututun ɗumama ɗaki
yana ta ƙwas-ƙwas a bango.

Kukakuka, wannan tawa ce, kuma ina ji da ita:
miyar kuka da aka kaɗa ana kuka.
Na rubuta: ba a sa mata gishiri.
Hansatu ta ce, rage ƙarya.
Na ƙara a ƙasa: to, rabin cokali.

Dankalinhaƙuri: soyayye, a takarda,
a tashar bas, ruwa na tsula a kaikaice,
bayan tsohuwar da kike wa wanka wata tara
ta tambaye ki yau, ke kuma wace ce?

Yajinƙirga: wanda Inna ta ƙunso a leda uku,
ya rage ɗan kaɗan a gindin kwalba,
kina barbaɗawa kina neman gafara.

Kanzonzuci: ƙarfe biyun dare, ƙasan tukunya,
kankara a hankali, kar na ƙasa ya buga silin da tsintsiya.

Mun yi kwana biyu ba ma ga maciji kan ƙwalamaraici.
Ta ce kalmar da ba ta faɗuwa da baki cike
ba ta da amfani a gidan nan.
Na soke ta. Har yanzu ana iya karantawa ta ƙarƙashin layin.

Sai ga aiki ya kira ta Aberdeen.
Ta tafi da tukunyar da ba ta kamu,
ta bar min takardar, da tabon manja a kusurwa.

Daren farko hannuna ya auna shinkafa gwangwani biyu.
Ban hana shi ba.
Na zuba faranti biyu, na ci nawa,
na zagaya teburi, na zauna a kujerarta, na ci nata.
Na tsaya gaban firij da biro
har ya yi ƙugi ya yi shiru, ya sake yin ƙugi.
Ba kalma.

Na kira ta. Ta ɗauka tana tauna.
Me kike ci? Garau-garau, ta ce, ba ko salak.
Na jawo tukunya, na jingina wayar da kwalbar yaji,
muka yi ta ci, ba mai magana,
cokalina a nan, cokalinta a can.

Can ta haɗiye, ta ce, rubuta:
waya da ciyayya, wayayya.
Na ce ba ta yi daɗin faɗi ba.
Ta ce, cika bakinki ki sake gwadawa.